Yoyon da Eru Ya Ƙi Gani

Tun farkon watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyi a nan Ostareliya, na lura tafkin iyon da ke bayan gidanmu yana raguwa. Da safe in na fito shanya, sai in ga layin tayil ɗin da ruwa ya saba rufewa ya fito fili yana kallona. Na gaya wa mijina Eru, yana zaune a baranda da kofin shayi, ya ja hular sanyi har kunne.

"Iska ce," in ji shi. "Rana ma tana sha."

"Wace ranar? Yaushe rabon da ka ga rana a Rockingham? Ruwan sama ake yi kamar da bakin ƙwarya, tafkin kowa yana cika, namu yana ramewa."

"To kare ne."

"Pipi? Karen da bai kai takalminka ba? Da tuni ya fashe, tsoho."

Ya kurɓi shayinsa ya ce in bar shi ya ji da sanyi.

Nan na fara zargi. Eru fa mutum ne da in famfon kicin ya ɗiga sau ɗaya, ba za a ci abinci a gidan ba sai ya kwance shi. Tun da ya daina tuƙa manyan motoci zuwa ma'adinan arewa, babu abin da bai kwance ba a gidan nan, har da abubuwan da lafiyarsu ƙalau. A ce wannan mutumin ya ga tafki yana yoyo ya ɗora wa kare laifi? Ruwa ba ya tsami banza.

Ni kuwa ina da ruwa da tsaki a maganar, don gwiwoyina sun gama yawo, likita ya ce in riƙa tafiya a cikin ruwa da zarar zafi ya shigo. Saboda haka na yi abin da duk mai tafki a layinmu ya sani. Na cika bokiti na ɗora a matakalar tafkin, na ja layi a jikin bokitin, na ja wani a jikin tayil. In iska ce ke sha, tare za su sauka. In tafkin ya riga bokitin sauka, to yoyo ne, magana ta ƙare.

Washegari na fito na tarar ruwan tafkin ya haura layin da na ja. Ba a yi ruwan sama ba kuwa. Na tsaya ina kallon ikon Allah, sai idona ya kai kan tiyo, an naɗe shi tsaf an rataye, bakinsa yana ɗiga. Kashegari na riga shi tashi, na laɓe a tagar kicin, sai ga gogan naku cikin rigar barci da takalmin roba, yana sanɗa da tiyo a hannu kamar ɓarawon kaza.

Na buɗe taga na ce, "Sannu da aiki, Baban Hinewai. Karen ne ya aiko ka ka biya masa?"

Saura kaɗan ya faɗa ciki.

Ganin asiri ya tonu, sai ya ce to shi da kansa zai nemo yoyon, ba sai an kira kowa ba. Ya shiga rumfar kayansa ya fito da rigar robar da yake nutso da ita zamanin yana saurayi. Rigar ta shiga ƙafafu lafiya, ta zo tumbi ta ce ita nan ta tsaya. Na ja zif, ya riƙe numfashi, na sa gwiwa a bayansa, muka haƙura muka bar shi a buɗe. Ya ɗebi jar kalar da nake sa wa kek ya zuƙa a sirinji. Dabarar ita ce a kashe injin da ke juya ruwan tafkin, ruwa ya kwanta, a matsa kala kusa da inda ake zargi, in akwai tsaga za a ga kalar tana bin hanya tana shigewa.

Ya sa ƙafa ɗaya a ruwan, ya saki wata ƙara da ta sa maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan shinge.

"Lafiya, Ripeka?"

"Lafiya lau. Eru ne ke wanka."

Ya gwada gefen fitilar da ke jikin tafkin, kala ta tsaya tana lilo. Ya gwada matakala, ya gwada bakin da ke zuƙe ganye, ya nutsa har ƙasa ya gwada magudana, ya taso leɓensa ya yi shuɗi, haƙora na kaɗawa. Ya zagaye tafkin nan kaf, ban da kusurwa ɗaya. Da ya zo wajen sai ya yi kwana kamar an gindaya masa igiya. A kusurwar akwai bakin bututun da ke dawo da ruwa daga inji, kuma a bayanta itacen pohutukawa yake tsaye.

"Ka tsallake can," na ce.

"Kala ta ƙare."

Rabin sirinjin ja ne wur a hannunsa. Na miƙa masa tawul, don na riga na gane, kuma gaskiya tausayinsa ya kama ni.

Itacen na Hinewai ne, autarmu. Mu 'yan ƙabilar Maori ba ma barin mabiyiyar jariri a asibiti, ƙasa ake mayar da ita. Yayyenta maza biyu can ƙasarmu ta asali aka haife su, tasu tana garinmu Tokomaru kusa da ta kakanninsu. Ita kuwa a nan Ostareliya ta zo. Uwar Eru ta bugo waya ta ce a kai gida, shi ya ce a'a, inda yarinya za ta girma nan ne ƙasarta. Ya haƙa rami a bayan gida da hannunsa, ya binne, ya dasa ɗan itacen a kai. Daga baya aka gina tafki, masu aikin suka bi da bututu ta gefensa, lokacin bai fi sandar tsintsiya kauri ba. Yanzu ya wuce rufin gida, kuma duk Kirsimeti sai ya yi jan fure ya zubar mana a ruwa in yi ta tsamewa ina mita. Tsofaffinmu suna cewa duk inda aka binne mabiyiyar mutum, wurin zai yi ta jansa har ya dawo. Eru yakan ce shi bai yarda da camfi ba, amma ban taɓa ganin ya bar wani ya karya ko reshe ɗaya ba.

Hinewai kuwa Kirsimeti biyu ke nan ba ta taka gidan ba, kuma tafkin nan ne sila. A gidanmu duk wanda ya shigo dangi, ranar Kirsimeti sai an ɗaga shi an jefa a ruwa da kayansa. An jefa matan yayyenta, sun fito suna dariya suna zagi. Da ta kawo Bishal, ɗan Nepal da suke aikin jinya tare a Adelaide, yaro mai kunya da ladabi, Eru ya bari sai da ya ɗauki farantin nama, ya sungume shi ya wurga ɓangaren mai zurfi. Ko a mafarki bai taɓa zuwa wa Eru cewa akwai babban mutum da bai iya iyo ba. Muna ta tafi, yaro yana shan ruwa. Hinewai ce ta fara ganewa, ta faɗa da rigar kwalliyarta ta jawo shi. Maimakon Eru ya ba da haƙuri, kunya ta sa ya ce, "Au, ashe dutse kika kawo mana." A ranar suka haɗa kaya. Sun ɗaura aure a Adelaide, na je, shi ya ce bayansa na ciwo. Tana kirana duk Lahadi, amma in ta ji muryarsa a kusa sai ta ce ana nemanta a wurin aiki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a wurinsa ta gada.

Duk da haka yoyo ba ya jiran a shirya. Na kira Narelle, wadda ke gyaran tafkunan unguwarmu, mace mai murya kamar ta mai tallan kifi. Ta zo da motarta, ta dubi ruwan da ya yi ja-ja ta ce, "Wa aka yanka?"

Ta toshe bakunan bututu ɗaya bayan ɗaya, ta hura musu iska da ɗan inji, tana duban allurar ma'auni. Na farko ya riƙe. Na biyu ya riƙe. Da ta zo na kusurwar, allura ta yi ƙasa kamar an sake ta. Ta sa abin sauraro a kunne, tana dafa wani ƙarfe a ƙasa tana tafiya a hankali, Eru na biye da ita yana ta surutu don ya ɗauke mata hankali.

"Malam Eru, in ba za ka yi shiru ba ka je ka dafa mana shayi."

Ta tsaya daidai gindin itacen. Ta cire abin kunnen ta sa mini, na ji ƙasa tana tsuwwa kamar tulu mai tsaga. Ta fesa jan fenti a wurin.

"Ga ɓarawonku. Saiwa ta matse bututu ta fasa shi. Kuma ya samu abin da yake so, itacen bakin teku ne, tafkinku kuma na ruwan gishiri ne, kun ba shi kyauta, shi a ganinsa gida ya koma." Ta dubi sama ta dubi ƙasa. "Hanya mai sauƙi, in kawo ƙaramar motar haƙa, in datse manyan saiwoyin nan, in canza bututu. Amma in na datse su itacen ba zai tsaya ba, iskar farko zai kwanta a kan rufinku. Gara a sare shi tukuna."

"Ba mai sa inji a wurin nan," in ji Eru.

"To ka zauna da yoyo."

"A cike tafkin da ƙasa. Na shuka dankali."

"Gwiwoyina fa?" na ce. "A cikin dankalin zan riƙa tafiya?"

Narelle ta dube shi, ta dube ni, ta gane akwai magana. Ba ta tambaya ba, kuma na ji daɗin hakan. Ta ce akwai wata hanya, amma ta wahala ce. A tone da hannu ta gefe biyu, a bi tsakanin saiwoyi ba tare da an yanke su ba, har a samu lafiyayyen bututu nan da can. Sai ta yanke, ta bar fasasshen a inda yake, ta zagaya da sabo ta bayan itacen.

"Amma ni bayana ba na haya ba ne," ta ce. "Wanda ke son itace shi zai tona."

Da yamma na shiga ɗaki na kira Hinewai, ko da yake ba Lahadi ba ce. Na ce itacenta ne, ya kamata ta sani. Na kwashe komai na gaya mata, har da rigar roba, na ji ta danne dariya. Da na zo maganar sarewa sai ta katse ni.

"Shi ya ce ki kira ni?"

"A'a."

"To itace ne fa, Mama. Ku sare mana, ki samu tafkinki."

Maganar ta soke ni, ban ɓoye mata ba, na ce ban ji daɗi ba. Ta ce ana nemanta a wurin aiki.

Na fito na tarar da Eru a bakin ƙofa, ya yi kamar yana neman makullin mota. Na san ya ji, amma na maimaita masa, don ban iya rufa-rufa ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ita ta ce a sare. Ni ban ce ba." Ya wuce rumfar kayansa.

Da gari ya waye ya fara. Shebur ya yi aiki a sama-sama kawai, daga nan sai ɗan cokalin shukar furannina, daga nan sai yatsu. Ƙasar Rockingham yashi ce, ka tona ta rufto, ka tona ta rufto, ga ruwan sama yana sauka a ƙeyarsa. Ya kafa tamfol, iska ta ɗauke ta kai wa maƙwabta. Duk saiwar da ya tono sai ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu kada ta bushe, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ya ja wata da'ira da igiya a jikin gindin, ya ce cikin nan ba a taɓawa, a nan mabiyiyar take. Shayi ma ba ya sha a kusa da wurin don girmama shi, sai ya fito ya wanke hannu ya zo baranda.

"Tsoho, za ka kashe kanka a kan itace."

"In na mutu ga rami nan, kin huta."

"Bai kai tsawonka ba. Faɗinka ma bai kai ba."

Kwanaki yana wannan aiki. Wata rana da hantsi na leƙa na gan shi durƙushe a rami har ƙugu, laka har gira, ya rungume wata saiwa da hannu ɗaya yana zaro yashi ta ƙarƙashinta da ɗayan. Na ɗauki hotonsa bai sani ba, na tura wa Hinewai. Ban rubuta komai a ƙasa ba. Na ga alamar ta buɗe, ba ta amsa ba.

Ranar Asabar Narelle ta dawo. Ta leƙa ramin ta yi fito.

"Kai! Ko masu tono kayan tarihi sai haka. In ka gaji da zaman gida ina ɗaukar ma'aikata."

Ta sa zarto ta yanke bututun nan da can, ta leƙa cikin tsohon da tocila ta kira mu mu gani. Ƙananan saiwoyi sun shige ta tsagar sun cika shi kamar gashi a magudanar wanka. Ta bar musu abinsu. Ta auna sabo, ta shafa gam mai warin da ke hawa kai, ta haɗa lanƙwasassun mahaɗai ta zagaya bayan itacen. Ta ce a bar gam ya kama, kada a rufe rami sai an tabbata. Kashegari ta biyo ta hura iska, allura ta tsaya cak kamar an kafe ta da ƙusa. Na sake ɗora bokitina a matakala don raina ya kwanta. Narelle ta sha shayi, ta cinye mini rabin kek, ta ce Eru ya mayar da ƙasa, ta tafi.

Ya ɗauki shebur ke nan wayata ta yi ƙara. Lahadi ce, amma wannan karon kiran bidiyo ne.

"Mama, juya wayar in ga itacen."

Na juya. Ga itace tsaye, ga rami, ga ubanta a tsakiya riƙe da shebur, ya rasa inda zai sa idonsa. Suka kalli juna.

"Baba, ka rame."

"Ke kuma kin yi ƙiba."

Na ɗaga wayar kamar in kwaɗa masa. Mutum ya shekara biyu yana jiran magana, ga abin da ya fara fitowa daga bakinsa! Amma sai na ji ta yi dariya, irin dariyar da ke zuwa da majina.

Eru ya share hannu a wando ya ce, "Mijinki na kusa?"

Bishal ya leƙo ta bayan kafaɗarta ya gaishe mu, har da ɗan sunkuyawa.

"Ɗana," in ji Eru, ya tsaya ya yi gyaran murya. "Abin da na yi maka wauta ce. Maganar da na faɗa bayan nan ta fi wautar muni. Na san haka tun ranar, girman kai ya hana ni faɗa. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Baba. Ai ina koyon iyo yanzu, duk Asabar. Ni da yara 'yan makarantar reno. Duk sun fi ni."

"In ka zo ni zan koya maka. A ɓangaren da ba zurfi. Ba zan taɓa ka ba sai ka ce."

"A rubuce nake so," in ji Hinewai. Ta share ido. "Mama, matsa da wayar kusa. Wannan igiyar fa?"

"Mabiyiyarki ce a ciki," in ji Eru. "Ban taɓa ta ba. Ko yashin wurin ban motsa ba."

"Ramin gefen nan, na kusa da igiyar, ya yi zurfi?"

"Har ƙuguna. Yanzu zan rufe."

"Rufe na bututun. Wannan ka bar shi."

"In bar rami a buɗe? Uwarki ta faɗa da gwiwoyin nan nata?"

"Zuwa Kirsimeti kawai, Baba. Za mu zo da abin da za a sa a ciki."

Ta miƙa wa Bishal wayar, ta ja da baya, ta juya gefe ta dafe rigarta a ƙasan ciki. Ashe ƙibar da tsohon ya gani ba ta abinci ba ce.

Ni dai na san na yi ihu, don maƙwabciya ta sake leƙowa ta kan shinge. Shebur ya zame daga hannun Eru, ya zauna daɓas a bakin ramin cikin laka, ya cire hular sanyin ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna girgiza. Tun da muka binne uwarsa ban ga ya yi kuka irin wannan ba. Da ya samu kansa ya ce warin gam ne ya shiga masa ido.

Bokiti da tafki tare suke sauka yanzu, yoyo ya tsaya. Ni nake duba layin kowace safiya, don Eru ya daina kallon ruwan ma. Ya rufe ramin bututu ya shuka ciyawa. Ɗayan kuwa ya jera masa katako ta ciki kada yashi ya rufta, ya ɗora fallen kwano, ya danne da bulo. Da safe, kafin shayi, sai ya fita da hularsa ya ɗaga kwanon ya leƙa, ya tsince ganyen da ya faɗa, ya kori Pipi, ya mayar ya rufe.

Jiya na ce masa, "Tsoho, rami ne fa. Ba inda za shi."

Ya ce, "Na sani. Masu shi nake jira."